Babi na Tara: Sabuwar Hanta, Tsohuwar Cuta

Dashen hanta yana sauya gaɓar da ta lalace, amma ba ya taɓa abin da ya lalata ta. Idan ƙwayar cutar hanta ce sanadi, ana ɗauke tsohuwar hantar ne alhali ƙwayar tana nan tana yawo cikin jinin majiyyaci, kuma da zarar likitan tiyata ya gama ɗinke jijiyoyi ya saki jini ya kwarara cikin sabuwar, ƙwayar ta samu sabon masauki. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne magungunan da ake bai wa wanda aka yi wa dashe don su danne garkuwar jikinsa, kada ta far wa baƙuwar gaɓa. An ɗaure karen gida ke nan a daren da kura take bakin danga. Shi ya sa tun shekarun 1980 likitocin dashe suke fama da tambayoyi biyu: wane ne cutar za ta komo wa, kuma wace hanta ce za ta kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora mata?

Maganar ba ta yi wa ƙasar Kurfai ta Nijar nisa ba kamar yadda mutum zai zata. Nijar tana cikin ƙasashen da aƙalla mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da cutar hanta nau'in B a jininsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da nau'in B a faɗin duniya, miliyan 50 kuma da nau'in C, kuma cutar hanta ta kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. A Sahel galibi tun ana ƙuruciya ake kamuwa da nau'in B: daga uwa wurin haihuwa, ko tsakanin yara masu wasa tare ga ƙuraje da gyambo, ko ta aska guda da ta yi wa yara da dama kaciya ko tsaga. Shekarun kamuwa su ne ke yanke hukunci. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 za su zauna da cutar har abada. Cikin manya 100 kuwa, waɗanda za ta zauna wa ba su kai 5 ba. Allurar rigakafinta ta shiga tsarin rigakafin yara na Nijar ne a 2008, wato duk dillali ko mahauci ko mai amalanke da ya haura shekara ashirin a kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, an haife shi ne kafin zuwanta. Ga kuma gubar da funfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda idan ta haɗu da nau'in B take ninka haɗarin sankarar hanta.

Mahauci ya fi kowa sanin kamannin lafiyayyar hanta. Idan ya feɗe rago ya ciro ta, za a gan ta sumul tana sheƙi, ja mai duhu, bakinta siriri, wuƙa tana ratsa ta ba gardama. Hantar mutumin da cutar ta ci shekara talatin tana nuƙurƙusa ba haka take ba. Ta tsuke, ta yi tauri, jikinta duk gudaji kamar bayan kwaɗo, domin duk inda ƙwayoyinta suka mutu tabo ne ya maye gurbi. Wannan shi ne ƙeƙashewar hanta. Jinin da ya kamata ya ratsa ta sai ya taru a baya, saifa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa, ido ya yi shawara, wata rana a wayi gari da aman jini. Idan abin ya kai nan, galibi dashe ne kaɗai ke dawo da hannun agogo baya.

A Nijar ba a dashen hanta. Mutumin Filinge ko Baleyara yakan fara da asibitin yankinsa, a tura shi Yamai, inda za a yi masa hoton ciki da gwajin jini, daga nan kuma sai ƙetare ga mai hali. Ko a Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, mai buƙatar hanta waje ake nusar da shi, galibi Indiya ko Masar ko Turkiyya. Baƙo a waɗannan ƙasashe kusan kullum sai ya zo da wanda zai yankar masa wani sashe na tasa hantar, daga cikin danginsa. Ana iya ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na hantar mai bayarwa, ragowar ta tofo ta cike gurbi cikin makonni. Wannan sharaɗi na zuwa da ɗan'uwa yana da tasiri a kan hasashen gaba ɗaya, kamar yadda za a gani.

Nau'in B: abin da jini ke faɗa kafin wuƙa

Thomas Starzl ne ya fara dasa wa mutum hanta, a Denver ta Amurka a 1963, kuma sai a 1967 aka samu wanda ya rayu fiye da shekara bayan dashe. Aikin ya kankama a farkon shekarun 1980 da zuwan maganin siklosporin. Amma masu nau'in B ba su ci moriyar ci gaban ba. Cutar tana komo wa mafi yawansu, kuma tana komowa da zafin da ba a san ta da shi ba: abin da take ɗaukar shekara talatin tana yi a tsohuwar hanta, sai ta gama shi cikin shekara biyu ko uku a sabuwa. Akwai ma wani nau'in komowa da ke cika ƙwayoyin hanta da ƙwayar cutar, ya toshe hanyar ɗaci, ya hallaka gaɓar cikin watanni. Har ta kai asibitoci da dama sun daina karɓar masu nau'in B.

Dalilin komowar biyu ne. Na farko, ƙwayar ba a hanta kaɗai take ba; tana cikin jini, tana kuma maƙale a fararen ƙwayoyin jini da saifa. Na biyu, idan ta shiga ƙwayar hanta takan ajiye kwafin kanta a can cikin cibiyarta, a siffar wani ɗan zobe da babu maganin da ya iya tumɓuke shi har yau. Magani yana hana zoben haihuwa, amma ba ya kashe shi.

Binciken da ya buɗe ido shi ne wanda Didier Samuel na Faransa ya jagoranta, aka buga a 1993. An bi diddigin majiyyata 372 da aka yi wa dashe a asibitoci 17 na Turai, aka tarar cewa cikin shekara uku cutar ta komo wa rabinsu. Amma rabin nan ba a warwatse yake ba. Masu ƙeƙashewar hanta da aka samu ƙwayar tana hayayyafa a jininsu lokacin dashe, haɗarinsu ya kai kashi 83 cikin 100. Waɗanda ba a ga alamar hayayyafa a jininsu ba, kashi 58. Masu nau'in D a kan nau'in B, kashi 32. Waɗanda kuwa cutar ta kayar farat ɗaya, hantarsu ta mutu cikin kwanaki, kashi 17 kacal. Na ƙarshen nan yana ba da mamaki da farko, amma yana da ma'ana: garkuwar jikinsu ce ta yi wa ƙwayar dirar mikiya har ta ƙone hantar tare da ita, don haka ba a bar iri da yawa ba. Nau'in D kuma, duk da muguntarsa, yana danne hayayyafar nau'in B ɗin da yake rayuwa a kansa.

Binciken ya nuna wani abu kuma. Akwai ruwan garkuwa da ake tacewa daga jinin mutanen da ke da kariya mai ƙarfi, ana ce masa HBIG. Ana fara ɗura shi a jijiya a daidai lokacin da majiyyaci yake kwance babu hanta a cikinsa, an ciro tsohuwa ba a haɗa sabuwa ba, domin ya kame ƙwayoyin da ke yawo kafin su isa sabon masaukin. Waɗanda ba a ba su shi ba, cutar ta komo wa kashi 75. Waɗanda aka ba su na wata biyu aka tsaya, kashi 74, kamar ba a yi ba. Waɗanda aka ci gaba da ba su wata shida ko fiye, kashi 36. Darasi biyun da suka fito daga nan su ne har yau ginshiƙin hasashe: yawan ƙwayar a jini ranar dashe, da ɗorewar kariya bayansa.

A 1998 likitocin Los Anjeles suka haɗa HBIG da ƙwayar magani mai suna lamibudin, komowar ta faɗo ƙasa da kashi 10. Aibin lamibudin shi ne cutar tana saba masa. Bayan shekara biyar ana sha, kusan kashi 70 na masu shan sa ƙwayarsu ta rikiɗe ta daina jin sa. Entekabir da ya zo a 2005 da tenofobir da aka amince da shi ga nau'in B a 2008 sun toshe wannan ɓaraka. Yau mai nau'in B yana cikin waɗanda dashe ya fi yi wa kyau, kuma likita yana kasa majiyyata gida biyu tun kafin tiyata. Mai ƙaramin haɗari shi ne wanda magani ya danne ƙwayarsa har gwaji ya kasa ganin ta. Irin wannan ana iya taƙaita masa HBIG, a Asibitin Queen Mary na Hong Kong ma an nuna cewa entekabir shi kaɗai yana riƙe mafi yawansu. Mai babban haɗari shi ne wanda ya shiga ɗakin tiyata da ƙwayar tana yawo, ko yake da tarihin ƙin jin magani, ko cutar HIV, ko sankarar hanta, ko nau'in D. Na nau'in D haɗarin komowarsa kaɗan ne, amma idan ya komo ƙwayoyin maganin nau'in B ba sa taɓa shi, shi ya sa ba a saurin yaye mai shi daga HBIG. Wannan rabe-rabe ba ƙaramin abu ba ne ga mai komawa gida Sahel, domin HBIG yana da ɗan karen tsada, kuma sai a firiji yake zama.

Sai batun mai bayarwa. Mutumin da ya taɓa kamuwa da nau'in B ya warke, jininsa ba ya nuna cutar, amma yana nuna tabonta, wanda ake kira anti-HBc, kuma ɗan zoben nan yana iya kasancewa kwance a hantarsa. Da an dasa ta a jikin da aka danne wa garkuwa sai ya farka. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa kusan rabin waɗanda ba su taɓa haɗuwa da cutar ba sukan kamu ta wannan hanya idan ba a ba su magani ba. A Turai masu wannan tabo tsiraru ne; a Sahel su ne mafi yawan manya. Ga wanda dama nau'in B ne ya kai shi ga dashe, wannan ba ya hana aiki, tunda ko yaya zai sha maganin har ƙarshen ransa. Inda gizo ke saƙa shi ne ƴan'uwa ciki ɗaya: idan daga uwa cutar ta fito, shaƙiƙin da ya fi kowa son bayarwa shi ne wanda gwaji ya fi yiwuwa ya samu da ita a raye, a ce bai dace ba. Sau da yawa ɗan uba, wanda Bahaushe bai cika sa ran alheri daga gare shi ba, shi ne mai hantar da ta fi tsabta.

Nau'in C da nau'in E

Labarin nau'in C ya fi gajarta yanzu, amma shekaru ashirin shi ne babban ciwon kan masu dashe. An gano ƙwayarsa a 1989. Duk wanda aka yi wa dashe tana jininsa, sai ta kama sabuwar hanta, ba makawa, cikin sa'o'i. Tambayar ba ta komowa ba ce, ta sauri ce, domin kashi 20 zuwa 30 sukan kai ga ƙeƙashewa cikin shekara biyar. Marina Berenguer ta Balensiya a Sifen ta nuna cewa tsufan mai bayarwa yana gaggauta lalacewar. Haka ma yawan ƙwayar a jini, da HIV, da ɗura wa majiyyaci maganin danne garkuwa mai ƙarfi a duk lokacin da jiki ya yi yunƙurin ƙin hantar. Nan likita yake shiga tsaka mai wuya, domin a ƙarƙashin madubin awo ƙin hanta da komowar cutar suna kama da juna, alhali maganin ɗaya gubar ɗaya ne. Likitocin Basalona suka samo ma'auni mai amfani: a cika shekara guda da dashe, a auna tabon da ya taru da matsin jini a jijiyar hanta. Wanda matsinsa ya kai 6 ko fiye, shi ne mai saurin lalacewa. Daga baya na'urar Fibroscan, mai auna taurin hanta daga waje ba tare da tsira allura ba, ta sauƙaƙa aikin.

Zuwan sofosbubir a ƙarshen 2013 da magungunan da suka biyo shi ya mayar da yawancin wannan ilimi tarihi. Wata uku na shan ƙwaya yana warkar da fiye da kashi 95, ko kafin dashe ko bayansa. Masar, wadda allurar yaƙi da tsargiya ta yaɗa wa nau'in C a ƙarnin da ya wuce, ta gwada miliyoyin mutane daga 2018, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zinariya kan hanyar kawar da shi.

Nau'in E ta gurɓataccen ruwa yake zuwa, kamar annobar da ta ɓarke a Diffa a 2017, kuma ga mai lafiya yakan wuce da kansa, ban da mai juna biyu. A 2008 Nassim Kamar na Tulus ya nuna cewa wani reshensa, mai zuwa ta naman da bai dahu ba, yana iya zama daram a jikin wanda aka yi wa dashe. Maganinsa rage danne garkuwa, idan bai ji ba a ba da ribabirin.

Gazawar hantar da aka dasa

Ba kowace gazawa ce ke da alaƙa da ƙwayar cuta ba. A makon farko abin tsoro shi ne hantar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ko jini ya daskare a ƴar siririyar jijiyar da ke ciyar da ita. Ma'aunin da Kim Olthoff da abokan aikinta suka fitar a 2010 ya ce hanta tana ɗingishi idan a rana ta bakwai sinadarin shawara ya kai 10, ko ma'aunin daskarewar jini ya kai 1.6, ko kuma sinadaran da ke nuna mutuwar ƙwayoyin hanta sun haura 2000 a cikin makon. Kafin tiyata ma akwai alamu: tsufan mai bayarwa, kitse a hantarsa fiye da kashi 30, daɗewar gaɓar cikin ƙanƙara, da tsananin rashin lafiyar mai karɓa, wanda ake aunawa da lissafin MELD da Amurka ta fara raba hanta da shi a 2002. A dashen mai rai girma ne abin lura: ana so sashen da aka dasa ya kai aƙalla kashi 0.8 cikin 100 na nauyin mai karɓa, wato mai kilo 70 yana buƙatar giram 560. Idan akwai sankara, ƙa'idar Milan ta 1996 ce ma'auni: ƙullutu ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko har uku da babu wanda ya wuce santimita 3. Wanda ya zarce haka sankarar takan komo, kuma komowarta takan janyo nau'in B tare da ita.

Waɗannan lissafe-lissafe duk an gina su ne a kan majiyyatan Amurka da Turai da gabashin Asiya, kuma sun fi iya faɗin makomar taro fiye da ta mutum ɗaya. Ko sababbin da ake horar da kwamfuta ta yi, iyakarsu abin da aka zuba musu. Babu ɗayansu da ke da gurbin rubuta cewa tsakanin majiyyaci da ɗakin gwajin da zai auna masa magani akwai kusan kilomita 100 idan a Baleyara yake, kusan 180 idan a Filinge. Alhali bayan shekarar farko, wani abin da ke kashe dasasshiyar hanta daga irin wannan ɓangare yake zuwa.

Takrolimus, babban maganin hana ƙin gaɓa, galibi sau biyu ake shan sa, tazarar awa goma sha biyu, kuma tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa ratar ƴar kaɗan ce. Ya yi ƙasa, jiki ya far wa hanta; ya yi sama, ƙoda ta ji jiki, hannu ya kama rawa. Ana auna shi ne a jinin da aka ɗiba da safe kafin a haɗiyi ƙwayar ranar. Mutumin Kurfai da ke da gwaji sai ya kwana a Yamai, ko ya yi sammako ya shiga motar farko da ƙwayarsa a aljihu, ba zai sha ba sai an ɗaure masa dantse an cika kwalba. Idan mota ta makara ya ƙosa ya sha a hanya, sakamakon ya tashi a banza, zai nuna adadi mai yawa na ƙarya, kuma likitan da ya rage magani a kan wannan adadi ya jefa hantar cikin haɗari.

Abubuwan da ke karkata wannan ma'auni a Sahel sanannu ne. Rifamfisin, jigon maganin tarin fuka, yana sa jiki ya ƙone takrolimus da sauri har ya kusa ɓacewa daga jini, ga shi kuma tarin fuka yana yawan tasowa a jikin da aka danne wa garkuwa. Zawo, akasin abin da ake tsammani, ɗaga adadin maganin yake yi. Zafin bazara da ƙishirwa suna matsa wa ƙodar da takrolimus da tenofobir suka riga suka ɗora wa nauyi, shi ya sa azumi sai da shawarar likita, musamman a shekarar farko. Jiƙon saiwar rawaya da sauran sassaƙe da ake bai wa mai shawara suna iya ɓata sakamakon gwaji ko su taɓa hantar kanta. Mafi muni duka shi ne yankewar tenofobir ko entekabir, ko don kuɗi sun ƙare ko don kantin magani ya ce babu: cikin makonni ƙwayar takan iya tashi ta yi wa hanta ambaliya, kuma a jikin da garkuwarsa take ɗaure tashin yana iya kaiwa ga gazawa gaba ɗaya.

Saboda haka bibiyar mai nau'in B bayan dashe tana tafiya ne a kan gwaje-gwaje kaɗan da ake maimaitawa: alamar HBsAg mai nuna cutar tana nan, da adadin ƙwayar a jini kusan duk wata uku a shekarar farko, daga baya duk wata shida, sinadaran hanta da na ƙoda, adadin takrolimus, ga wanda ya taɓa sankara kuma, hoton ciki da gwajin jini na AFP. Bayyanar HBsAg kaɗai, alhali ba a ga ƙwayar tana hayayyafa ba, ba ta cika cutar da hanta ba muddin ana shan magani. Tashin adadin ƙwayar shi ne ƙararrawa, kuma abin da likita ke fara tambaya a nan shi ne kwana nawa aka yi ba a sha ba, kafin ya kai ga zargin cewa cutar ta rikiɗe.